Kadunar da: masaƙun Kakuri, maƙeran Panteka da kan jirgi mai kwal

Dattijon Doka:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai abin da nake so mu tattauna, kuma ina roƙon waɗanda suka san aiki su yi bayani dalla-dalla, kada mu tsaya a "Allah sarki Kadunar da". Yaron da ke tasowa yanzu in ka ce ku haɗu a shataletalen Leventis, gadar ƙasa zai tarar. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977 an rushe shi a farkon 2020. Dandalin Murtala shi ne tsohon filin sukuwa, inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, amma mutum nawa ke kiransa da wannan suna yau? Gini ko ya tafi akan samu hotonsa. Aikin hannu ne ba shi da hoto: da me ake yi, yaya ake yi, a ina yake ɓaci. Garin nan ba shi da ganuwa irin ta Zariya, ba shi da marinar kaka da kakanni irin ta Kano. Turawa ne suka dawo da hedikwata nan daga Zungeru a 1917, jirgin ƙasa ya raine shi, masaƙu suka cika shi da jama'a. Saboda haka tsofaffin sana'o'inmu na daban ne. Wanda ya san wata, bismilla.

Malam na Makera:
Wa alaikumus salam, Baba. Bari a fara da masaƙa tunda ita ce uwa. Masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Daga baya aka samu Nortex, United Nigerian Textiles (UNTL) da Arewa Textiles ta Japanawa a shekarun 1960, sannan su Finetex da Supertex. Mutane kan ce "masaƙa" kamar ɗaki guda ne, alhali sana'o'i sun fi goma a cikin katanga ɗaya.

Auduga tana isowa a matse cikin dila daga injinan gurza na Zariya, Funtuwa, Gusau da Malumfashi. Ba a buɗe dila ɗaya a zuba ta ita kaɗai. Jera su ake yi da yawa a riƙa tsakura daga kowacce, don in aka kaɗa kowace dila daban, rini zai fito da ratsi, nan ya sha can bai sha ba. Injin farko ya warware ta ya kakkaɓe ƙasa da ɓawo. Na biyu ya yi aikin da tsofaffin mata ke yi da masaɓi, ya taje ta da haƙoran waya ta fito kamar igiya mai laushi tana naɗewa cikin dogon gwangwani. A haɗa igiya shida ko takwas a ja su su koma ɗaya, a sake, don kauri ya daidaita. A sirantar a ɗan murɗa, sai injin kaɗi mai mazari ɗaruruwa a jere. Mai tsaron wannan inji aikinsa ɗaura zaren da ya tsinke inji na gudu, da yatsu biyu, kafin ƙiftawar ido.

Babban abokin gabar sashen nan hunturu ne. Auduga in ta bushe ƙayau sai ta riƙa tashi tana manne wa ƙarfe, zare ya yi ta tsinkewa. Shi ya sa ake rufe tagogi ana fesa raɓa ta bututu. A watan Janairu waje ana rawar ɗari, ciki ana gumi. Ranar da injin raɓa ya tsaya, kafin awa guda masu ɗauri sun rasa inda za su sa hannu.

Zaren tsaye kuma dubbai ake naɗewa a jikin gungumen ƙarfe, a bi da shi ta cikin tafasasshen sitaci, a busar a kan ganguna masu tururi. Sitaci ya yi kaɗan, zare ya yi gashi ya tsinke a kan inji. Ya yi yawa, ya bushe ya karye kamar tsinke. Sai masu zura zare su zauna biyu-biyu, ɗaya na miƙawa ɗaya na ja da ƙugiya, kowane zare ta idon allirarsa da tsakanin haƙoran matsefi. Kuskuren zare ɗaya layi ne da zai bi yadin daga farko har ƙarshe. Injin saƙa na lokacin mai ƙoshiya ne, ta katako mai bakin ƙarfe, ana buga ta ta haye ta dawo wajen sau 200 a minti. In ta kuɓuce ta tashi tana iya fasa ido, don haka ake sa raga a gefe. Ƙara kuwa ta hana magana, da hannu da motsin leɓe ake fahimtar juna, kuma da yawa daga tsofaffin masaƙa kunnensu ya yi nauyi, wasu ƙurar auduga ta bar su da tari. Abin da ke sauka daga wannan inji shi ne akoko.

Hajiya 'Yar Tudun Wada:
Sannu da ƙoƙari, Malam, Allah ya saka. Amma ka tsaya a akoko, mu kuwa daga nan namu ya fara. Ka ƙarasa mana yadda yake zama atamfa, don yaran yanzu duk abin da ke da fure atamfa suke ce masa.

Malam na Makera:
To Hajiya. Da farko a bi da akoko ta kan harshen wuta da gudu don gashin sama ya ƙone. In inji ya yi jinkiri yadin ne zai kama. A wanke sitacin nan, a dafa da soda, a sa sinadarin fari, sannan a miƙe shi cikin soda mai ƙarfi don ya yi sheƙi ya kuma karɓi rini. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Mai araha, launi kawai ake buga mata a fuska ɗaya. Ta ainihi kuwa narkakken ƙaro ake fara bugawa a fuska biyu da nadin tagulla guda biyu masu zane iri ɗaya, kuma dole su faɗa wuri ɗaya daidai wa daida. A tsoma yadin cikin baba, a fitar ya sha iska, a sake tsomawa. Inda ƙaro yake rini ba ya shiga, sai ta tsagar da ƙaron ya yi. Wannan ce jijiyar nan siririya da kike gani a jikin atamfa. A wanke ƙaron, wani lokaci a bar ɗigo-ɗigo da gangan don su ba da farin tabo, sannan a ƙara sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Kowane launi zagaye ne na daban, shi ya sa mai launi uku ta fi mai launi ɗaya kuɗi. Duk wannan ruwa yake ci da tururi, abin da ya sa aka dasa masaƙun kusa da kogi ke nan. Mutanen Makera da Kakuri sun san kwalbatin da ruwanta yau shuɗi ne gobe ja. Wannan kam ba abin kewa ba ne, ya cuci masu lambu da masunta.

Hajiya 'Yar Tudun Wada:
Madalla. Bari in ƙara da gwajin kanti, don shi ma sana'a ne. Na ɗaya, juya turmin: ta ainihi ciki da waje kusan ɗaya ne, ta bugu bayanta fari-fari ne. Na biyu, bi jijiyar: in kin ga tsaga iri ɗaya tana dawowa bayan kowane taƙi, zana ta aka yi, don tsagar ƙaro ba ta maimaita kanta. Na uku, karanta bakin zanen, akwai sunan masaƙa da lambar zane. Na huɗu, jiƙa ƙurya ki murza a kan farin ƙyalle. Baba yakan ɗan zuba a wankin farko, wannan ba aibi ba ne, amma in ja ko kore ya bi ƙyallen, ajiye. In kuma kin murza wani farin gari ya zubo yadin ya koma kamar rariya, sitaci aka cika don ya yi nauyi. Yadi 12 ake fitarwa, a raba biyu ya zama turmi na yadi shida.

Ku kuma tuna da 'yan yanke. Guntayen da aka cire saboda tabo ko tsallaken zane ana sayar da su a kan sikeli, mata su saya su yi wa yara kaya, teloli su haɗa zanin gado. Gidaje da yawa a Nasarawa da Kakuri da wannan suka yi tuwo.

Alhaji na Kasuwar Gumi:
Duk na ji, amma mu faɗi gaskiya: fasa-ƙwauri ne ya kashe masaƙun nan, ba wani abu ba. An ɗage haramcin shigo da yadi a 1997, kaya suka riƙa kwararowa daga Sin ta Kwatano da Nijar, an kwafi zanenmu, an kwafi har rubutun bakin zane. Mace ta zo da kuɗin turmi ɗaya ta ga za ta samu biyu, wa zai hana ta? KTL ta rufe a 2002, UNTL a 2007. Ku duba shekarun ku gani.

Malam na Makera:
Alhaji, ranka ya daɗe, ban musa ba, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar farko wuta ce. Ɗauke wuta na minti biyar a ɗakin kaɗi yana nufin zare ya tsinke a kan mazari dubbai, a ɗauki lokaci ana ɗaurawa. A ɗakin rini kuma yadin da ya tsaya cikin kwatarniya ya sha fiye da kima, ya zama na yanke. Dole kowace masaƙa ta koma janareta dare da rana. Ta biyu baƙin mai, wanda ake ƙonawa a tukunyar tururi. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ita ke ba da shi a kusa; da ta fara tsayawa, sai a jira tanka daga nesa da tsada. Babu tururi babu sitaci, babu rini, babu busarwa. Ta uku injinan kansu. Wasu ƙasashe sun bar ƙoshiya sun koma injin da ke harba zare da iska, mai ninka namu gudu sau da yawa, mai saƙa da faɗi. Da naira ta faɗi bayan 1986, ko kayan gyara da sinadarin rini sun yi wuyar saye, balle sabon inji. Aka koma cire ƙarfe daga inji ɗaya a tayar da wani. Wanda ke haka ko an rufe iyaka ruf, yadinsa zai yi tsada.

Malamin Gona:
Ku duka kun fara daga ƙofar masaƙa, alhali ciwon daga gona ya taso. Abin da manomi ke kaiwa fuloti, wato wurin sayen auduga, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke zama auduga tsantsa, saura angurya ce, don haka kowane ɗigon datti asara ne. A zamanin hukumar auduga akwai tsari: iri ɗaya ake rabawa a yanki, wanda aka gyara a cibiyar binciken noma ta Samaru, an yi masa magani. A fuloti akwai mai dubawa, ya ware lamba ɗaya da lamba biyu, mai ganye da ƙasa a mayar da ita. Bayan girbi dole a tuge itacen auduga a ƙone kafin wani lokaci, don tsutsar da ke cin ƙwallo ta rasa inda za ta yi rani. Da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, duk wannan ya watse. Kowa ya shuka abin da ya samu, iri ya gauraye, tsawon silin auduga ya bambanta a buhu ɗaya. Wasu suka riƙa yayyafa ruwa ko zuba yashi don sikeli.

Mafi muni shi ne buhu. Da na algarara ko na yadi ake zubawa. Aka koma buhun roba irin na taki. Silinsa yana tsinkewa ya shiga auduga, injin gurza ba ya ganinsa, a kaɗa shi cikin zare a saƙa. Roba kuwa ba ta shan rinin auduga, sai an gama komai a ga farin layi a tsakiyar shuɗi. Wannan buhun kaɗai ya zubar da darajar audugarmu har a kasuwar waje.

Alhaji na Kasuwar Gumi:
Na karɓi maganar buhu, Malam, don mun sha ganin farin silin nan a turmi ba mu san mafarinsa ba. Amma ina nan kan bakana: mara lafiya ne aka zo aka danne. Da an tsare iyaka da an samu lokacin yin magani.

Ummu Khadija:
Iyayenmu, Allah ya ƙara girma. Ni abin da nake so a duba shi ne waɗanda ba su taɓa shiga masaƙa ba amma jiniyarta ke ciyar da su. Aiki kashi uku ne a kwana, kowane canji dubban mutane ne a kan titi: masu koko da ƙosai da asuba, masu tuwo da rana, masu shayi da dare, masu facin keke a bakin ƙofa, masu ba da kaya bashi sai ƙarshen wata, masu gidan haya ɗaki-ɗaki. Ga kuma ma'aikatan Peugeot da aka fara haɗa mota a nan Kakuri a 1975. Duk sun bi jiniya. Ko kasuwar maƙera ta Panteka ma ai ta zama tarihi, wa ke sayen adaka yanzu?

Ɗan Panteka:
Yaya, da girmamawa, cire Panteka daga cikin matattu. Adaka ta ja baya, gaskiya ne, amma duk tukunyar da ake dafa shinkafar biki a garin nan daga hannun maƙeran zubi ta fito. Ga yadda ake yi.

Ƙasa ita ce rabin aikin. Yashi mai laushi ake haɗawa da jar ƙasa mai ɗan danƙo, a tankaɗe, a yayyafa ruwa. Gwajinta a hannu yake: ka dunƙula, ta riƙe shatin yatsunka, ka karya ta rabu biyu ba ta ruguje ba, tafin hannunka kuma bai jiƙe ba. Samfurin tukunya ce da aka raba biyu, saboda cikinta ya fi bakinta faɗi, ba za ta zaru a dunƙule ba. A cika cikinta da ƙasa a daddanna, a kife, a kewaye da akwatin katako mai ɓari biyu, a barbaɗa toka a mahaɗa don kada su manne, a cika a daka. A bar rami a gindin tukunyar, nan ne mazuba. Sai a buɗe akwatin a hankali, a zare ɓarin samfur biyu, a mayar a ɗaure. Sararin da samfur ya bari tsakanin ƙasar ciki da ta waje shi ne kaurin tukunya.

Narkarwa a cikin gindin tukunyar gas da aka yanke ake yi, ko kwanson injin firji, a kan gawayi, ana hura iska da fanka mai wilin keke maimakon zugazugi. Sanholo yana narkewa a wajen digiri 660. Ba kowane tarkace ne ɗaya ba. Fistin da kan silinda da gidan giya suna gudu kamar ruwa su cika kowane lungu. Gwangwanin lemo yawancinsa kashi ne ke tasowa sama, abin da za ka samu kaɗan ne. Waya da tsohon kwano suna da laushi, sai an gauraya. A kwashe kashin da ludayin ƙarfe, a zuba a tashi ɗaya ba tsayawa.

Inda ake ɓaci: ƙasa ta cika ruwa, tururi ya huda jikin tukunya da ƙananan ramuka kamar na allura, ko ma ya yi tsartuwa ya ƙona mai zubi. Ƙarfe bai yi zafi sosai ba, ko hannu ya tsaya a tsakiya, sai ka ga layi inda zubi biyu suka haɗu ba su narke da juna ba, nan za ta tsage. Ƙasar ciki ta goce, gefe ɗaya ya yi kauri ɗaya ya yi kamar takarda. Kuma ba a jefa jiƙaƙƙen ƙarfe cikin narkakke, fashewa yake yi. A gefen wuta ake fara ɗumama shi. Bayan ta huce a yanke mazuba da zarto, a goge da magagari, a cika ta da ruwa a duba yoyo. Ƙaramin rami da guntun wayar sanholo ake toshewa a daddake.

Abu ɗaya da nake so kowa ya riƙe: ana ce mata tukunyar dalma, amma dalmar gaske, irin ta cikin batirin mota, guba ce, ita ce irin wadda ta kashe yara a Zamfara a 2010. Maƙerin kirki ba ya barin ta ta kusanci zubinsa. Uwayenmu mata kuma, kada a bar miya mai kanwa ko kunun tsamiya ya kwana a ciki, suna cin jikinta.

Dattijon Doka:
Allah ya yi maka albarka, ɗana, irin wannan nake nema. To adakar fa? Tunda ka yarda ita ta ja baya, ita ta fi buƙatar a rubuta.

Ɗan Panteka:
Amin, Baba. Ta ƙwarai daga ganga ake yi. A cire kai da gindi da kurfi, a tsaga ta tsaye, a ƙone ragowar mai da fenti, a miƙar da guduma ta kwanta. A auna a yanke, a lanƙwasa kusurwa a kan guntun ƙarfen dogo, shi ne uwar maƙerarmu. Bakin akwatin da na murfi ana naɗe su a kan waya mai kauri, ita ke hana shi karkacewa da yankan hannu. Da ƙusar daddaka ake haɗawa, walda tana huda falle mai siriri. Murfi ya fi jiki faɗi kaɗan don ruwa ya zuba waje. Jan fenti na hana tsatsa a ƙasa, baƙi a sama, sannan mai zane ya sa fure ko wata da tauraro. Masu gaggawa sukan tsallake jan fentin, damina biyu gindi ya ruɓe. Amare da 'yan makarantar kwana su ne kasuwarta. Akwatin lefe na kanti ya ɗauke na farko, jakar gana-mas-go ta rage na biyu. Su fitilar aci-balbal ta gwangwanin madara da dutsen guga na gawayi, tocilan mai caji da lantarki sun ture su, sai dai masu wanki da guga har gobe suna neman dutsen.

Baba Mai Hoto:
A sa masu hoton nan-take a lissafi, waɗanda ke zama kusa da gidan waya da kotu. Akwatin katako ne mai ƙafa uku, ɗakin wanki yana cikinsa: faranti biyu, na fito da hoto da na tsayar da shi, da hannun riga baƙi da ake zura hannu. Ba fim, takardar hoto ake sawa. Ba maɓalli, murfin gilashi ake cirewa a ƙirga daƙiƙa biyu ko uku a mayar, shi ya sa ake cewa kada ka motsa. A wanke a ciki ana leƙe ta jan gilashi. Abin da ya fito baƙi ne a wurin fari, sai a manna shi a allo gaban kyamarar a sake ɗauka, na biyun ne hoton. Ba a ɗauraye shi sosai ba, shekara kaɗan ya koma rawaya. Kusa da su akwai masu tafireta da ke rubuta wa mutane takardar neman aiki da ta rantsuwa, kwafi uku da takardar kabon biyu. An wuce haka na ƙasa ba ya karantuwa. Su ne kuma gwanayen taƙaita saƙon telegiram, tunda kalma-kalma ake biya.

Hajiya 'Yar Tudun Wada:
Kasuwar Barci ma kada a manta. Abin da aka fi faɗa shi ne an kwashe 'yan kasuwa zuwa can lokacin da ake gina babbar kasuwa, ciniki ya yi ƙaranci har suna barci a rumfa, suna ya bi ta. Daga baya ta zama gidan gwanjo da teloli. An rushe tsofaffin rumfunan a 2020 an yi sabon gini.

Injiniya na Loko:
Baba ya ce jirgi ya raini garin nan, to ga bayanin. A nan layin Ikko zuwa Kano ya haɗu da na gabas da ya taso daga Fatakwal ta Inugu, Makurɗi da Kafanchan. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932 da jirgin ruwa ake haye da taragai a Binuwai. Kwal ɗin da kan jirgi ke ci daga Inugu yake zuwa ta wannan layin.

Kan jirgi mai kwal ba a murɗa masa makulli. Awoyi kafin tafiya akwai mai kunna wuta, da itace da tsumma mai mai, a hankali, don in aka gaggauta ƙarfen tukunya ya buɗe ba daidai ba bututu su fara yoyo. Mai zuba kwal ba jibgawa yake yi ba: shebur kaɗan-kaɗan, kusurwa huɗu da gefe, wuta ta kwanta bai-ɗaya. Baƙin hayaƙi alamar an cika ne, kwal na tafiya a banza. In toka ta narke ta daskare a kan ragar wuta, iska ta toshe, tururi ya faɗi, dole a fasa ta da dogon ƙarfe. Idonsa kuma kullum yana kan gilashin ruwa. Ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, ƙarfen zai yi laushi. Shi ya sa aka sa toshiyar dalma a wurin, ta narke tururi ya huce kan wuta ya yi gargaɗi kafin tukunya ta fashe. Direban da toshiyarsa ta narke sai ya amsa tambaya. Akwai tankin ruwa mai dogon hannu a manyan tashoshi, akwai akwatin yashi da ake zubawa gaban ƙafa in dogo ya yi santsi da raɓa, akwai faifan da ake juya kan jirgi a kansa ya fuskanci inda ya fito.

Layi ɗaya ne, don haka tsakanin tasha da tasha akwai sanda guda da shugaban tasha ke ba direba. Ba sanda ba tafiya, kuma na'urar da ke riƙe sandunan ba ta sakin ta biyu sai ta farko ta shiga a ɗaya gefen. Ga mai bin taragai da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafu: lafiyayya tana amsawa da ƙara mai tsawo, mai tsaga tana yin bif. Yana kuma taɓa akwatin gatari da bayan hannu, wanda ya yi zafi mai ya ƙare, in aka bari wuta zai kama. Da kan jirgi mai dizal ya shigo, mai kunna wuta da mai kwal da mai tankin ruwa suka tafi tare.

Ummu Khadija:
Baba Injiniya, to me ya sa jirgin Abuja ya tsaya can Rigasa, bai shigo tsohuwar tasha ba tunda ga dogo a shimfiɗe?

Injiniya na Loko:
Faɗin ba ɗaya ba ne, 'yata. Tsohon dogo ƙafa uku da inci shida ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato milimita 1,067. Na Abuja da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne. Ƙafar jirgi a kafe take a jikin gatarinta, ba ta matsewa ba ta buɗewa, don haka na wannan ba ya hawa na wancan. Kafin ya shigo cikin gari sai an shimfiɗa sabon dogo ko a ƙara ƙarfe na uku, a sauya katakon ƙasa da mafi tsawo, a buɗe kwanoni saboda mai gudu ba ya son lanƙwasa mai tsanani, a kuma duba ko gadar kogi za ta ɗauki faɗinsa da nauyinsa.